Yadda sabon mahayi zai zaɓi babur ɗin kuruza na farko

Kuruza shi ne babur ɗin nan mai ƙasa-ƙasa, dogo, mai faffaɗan wurin zama, wanda mahayinsa ke miƙe ƙafafu gaba kamar wanda ya kishingiɗa. Asalin fasalinsa daga Amurka ne, daga kamfanonin Indian da aka kafa a 1901 da Harley-Davidson da aka kafa a Milwaukee a 1903. Daga baya kamfanonin Japan, wato Honda da Yamaha da Suzuki da Kawasaki, suka shiga yin nasu, yanzu kuma Indiya da Sin ma suna yi. Mafi yawan masu sha'awarsa ƙarar injin da ƙyallin ƙarfe ne suka ja su. Ba laifi ba ne, amma ba su ne za su kai ka gida lafiya a watanninka na farko ba. Abin da ya kamata ya yanke maka hukunci abu uku ne: nauyin da za ka iya riƙewa, zaman da ya dace da jikinka, da kuma wanda zai gyara maka shi idan ya lalace.

Mataki na farko: ka san inda za ka riƙa hawansa

Ka zauna ka faɗa wa kanka gaskiya. Cikin gari za ka riƙa zirga-zirga, ko fita za ka riƙa yi ranar Asabar zuwa wani gari? Unguwarku akwai kwalta, ko sai an bi ta yashi da ramuka kafin a hau babban titi? Wannan tambayar ta biyu tana da muhimmanci fiye da yadda ake zato, domin cikin kuruza kusa yake da ƙasa. Tudun rage gudu da Bajaj Boxer zai haye ba tare da mahayin ya ko lura ba, shi zai goge maka salansa ko ƙasan inji. Shokzoba ɗinsa na baya ma gajere ne, ga shi ƙafafunka suna gaba, ba za ka iya ɗagawa daga kujera ba idan ka hango rami, sai dai bayanka ya sha. Wanda hanyar gidansu ke zama kogi da damina, gara ya sake tunani tun kafin ya fitar da kuɗi.

Sannan ka bincika dokar garinku. Kano ta hana ɗaukar fasinja a kan babur tun Janairun 2013, Abuja ta hana acaɓa a tsakiyar birni tun 2006, kuma jihohi da dama sun sha taƙaita hawan babur a wasu lokuta ko wasu yankuna saboda matsalar tsaro. Ka tambayi jami'an hanya na jiharka abin da ke aiki a yanzu.

Mataki na biyu: ka koyi hawa kafin ka saya

A Ingila sabon mahayi sai ya yi horon da ake kira CBT, kuma da shi babur da bai wuce sisi 125 ba (sisi shi ne cc, ma'aunin girman inji) kawai zai hau. A ƙasashen Tarayyar Turai akwai lasisin A2 wanda ya tsaida ƙarfin inji a kilowat 35, wato kimanin ƙarfin doki 47, sai mutum ya ƙware ko ya kai shekaru sannan a bar shi ya hau babba. A Najeriya lasisin babur shi ne ajin A, kuma babu irin wannan tsani, saboda haka kai ne za ka kafa wa kanka. Ka ɗauki wannan iyaka ta doki 47 a matsayin rufinka. Waɗanda suka tsara ta ba don wasa suka yi ba.

Idan ba ka taɓa hawa ba sam, ka nemi ƙaramin babur mai kuloci a hannu, ka koya a fili. Wanda ya saba da roba-roba ko wani babur da ba a matsa masa kuloci, shi ma sabon shiga ne a nan, ko da ya shekara goma yana hawa, domin hannunsa na hagu bai san aiki ba tukuna.

Mataki na uku: nauyi, sannan girman inji

A nan yawancin mutane ke yin kuskure, don haka bari mu daɗe a kai. Tambayar farko da ake yi ita ce sisi nawa ne. Tambayar da ta fi ta amfani ita ce kilo nawa ne. Baburan acaɓa da aka sani nauyinsu tsakanin kilo 110 ne zuwa 125. Harley-Davidson Fat Boy ya haura kilo 300, wato ya fi buhu shida na shinkafa mai kilo 50, kuma kai ne za ka tare shi da ƙafa ɗaya duk lokacin da ka tsaya. Idan yana gudu ba za ka ji nauyin ba. Inda zai nuna maka hali shi ne wurin juyawa a lungu, wurin turo shi baya daga zaure, da lokacin da tayar gaba ta taka yashi a bakin titi kana tafiya a hankali. Mafi yawan faɗuwar sabon mahayi a irin waɗannan wuraren take faruwa, ba a kan babbar hanya ba.

Sisi kuma ba ya faɗin ƙarfi kai tsaye. Kawasaki Vulcan S sisi 649 ne amma ƙarfinsa ya kai doki 60, domin injinsa ɗan'uwan na Ninja 650 ne, babur ɗin gudu na Kawasaki. Harley Iron 883 ya fi shi girman inji amma bai kai shi ƙarfin doki ba, sai dai ya fi shi nauyi, kilo 256 ne. Ka ga ke nan lambar da ke rubuce a jikin tanki ba ta isa hujja ba.

Ga waɗanda suka cancanci ka duba, tare da ra'ayina a kan kowane.

Honda Rebel 500, wanda ya fito a 2017, yana cikin waɗanda aka fi ambata wa sabon mahayi, kuma da dalili. Injinsa sisi 471 ne mai silinda biyu, ana sanyaya shi da ruwa, nauyinsa kimanin kilo 190, tsayin kujerarsa daga ƙasa milimita 690. Ƙarfinsa ya tsaya daidai ƙarƙashin iyakar A2. Yana da sauƙin kai a cikin gari, yana kuma iya doguwar hanya. Aibinsa shi ne dogon mutum zai ji ya takura, tankinsa kuma lita 11 ne da ɗan ɗoriya. Ƙaninsa Rebel 300 jikinsu ɗaya, amma injinsa sisi 286 ne mai silinda ɗaya, ya kuma fi sauƙin nauyi.

Yamaha V Star 250, wanda da ake kira Virago 250, tsohon zubi ne mai kafireta, sisi 249, silinda biyu masu siffar V, nauyinsa ƙasa da kilo 150. Ga mai ƙaramin jiki ko mai jin tsoron nauyi, da wuya a samu wanda ya fi shi. Tsohuwar Honda Rebel 250, wadda aka fara yi a 1985, ajinsu ɗaya. Dukansu za su gaji idan ka matsa musu a babbar hanya, amma a shekarar farko ba ka da abin yi da wannan gudun.

Royal Enfield Meteor 350 na Indiya ya fito a 2020. Sisi 349, doki 20 kacal, nauyi kilo 191, tanki lita 15, kujera milimita 765. Ba shi da gaggawa ko kaɗan, kuma ni a wurina wannan yabo ne. Bajaj Avenger 220 shi ma ɗan Indiya ne, mai arha da sauƙin nauyi, sai dai kada sunan Bajaj ya ruɗe ka ka ɗauka kayan Boxer za su shiga, injinsa dangin na Pulsar ne, wani babur na Bajaj daban.

Honda Shadow 750 da Vulcan S suna bakin iyaka. Shadow mai sanyin hali ne amma ya kusa kilo 250. Vulcan S ya ɗan fi shi sauƙin nauyi amma ya fi zafi, har ya haura iyakar doki 47 ɗin nan, ko da yake yana da wata fa'ida, ana iya matsar da matakan ƙafa da kujera da hannu su dace da tsayin mai shi. Wanda ya riga ya ƙware a ƙaramin babur mai kuloci, yana da jiki kuma, zai iya farawa da ɗayansu. Duk abin da ya haura sisi 900 ko kilo 260, ka bar shi sai karo na biyu.

Akwai kuma ƙananan kuruza na kamfanonin Sin irin su Lifan da Haojue da Keeway, masu sisi 125 zuwa 250. Masu manyan babura sukan raina su. Ni ban raina su ba, domin injinsu mai sauƙi ne, bakaniken unguwa zai iya buɗe shi, kuma idan ya faɗi ba za ka yi kuka ba.

Mataki na huɗu: ka hau ka zauna

Ba a sayen kuruza da hoto. Ka je da takalmin da za ka riƙa hawa da shi, ka zauna, ka ɗaga babur ɗin daga ƙafar jinginarsa ya tsaya tsaye. Tafin ƙafafunka biyu su taɓa ƙasa gaba ɗaya, gwiwa da ɗan lanƙwasa. Ka karkata shi dama kaɗan, ka karkata hagu, ka ji inda nauyin ke fara rinjayarka. Sai ka juya kan babur ɗin har ƙarshe zuwa hagu. Idan hannunka na dama ya miƙe tas har sai ka ɗaga daga kujera kafin ka riƙe totur, hannun ya yi maka faɗi ko nisa, kuma duk juyawar da za ka yi a titi haka za ka sha wahala.

Ka duba inda matakan ƙafa suke. Wasu suna can gaba, wasu a tsakiya ƙarƙashin gwiwa. Na gaba sun fi kyau a ido, na tsakiya sun fi ba da iko, kuma su nake ba sabon mahayi shawara. Ka matsa kuloci sau ashirin a jere. Idan hannunka ya fara ciwo a wurin dillali, ka tuna cunkoson ƙarfe biyar na yamma. Ka yi aƙalla minti goma kana zaune, ko mai babur ɗin yana ƙorafi.

Mataki na biyar: wa zai gyara, kuma ina kayan suke

Wanda ke Turai ko Amurka zai iya tsallake wannan matakin, amma mai hawa a Kano ko Maraɗi ko Tamale bai isa ba. Kafin ka biya, ka je wurin bakanike da sunan babur ɗin da shekararsa, ka ce masa, "Maigida, ka taɓa buɗe irin wannan?" Idan ya ce ai duk inji inji ne, ka nemi wani. Sannan ka zaga kasuwar kayan gyara, ko Ƙofar Ruwa ce a Kano ko Panteka a Kaduna, ka tambayi abu huɗu: matatar baƙin mai, fulogi, takalmin birki, da taya.

Taya ce ta fi ba da ciwon kai. Rebel 500 tayoyinsa inci 16 ne gaba da baya, na gaba 130/90, na baya 150/80, alhali yawancin baburan da ke kan titunanmu inci 17 ko 18 suke sawa, sirara. Idan ta fashe ba gyara, za ka iya ajiye babur ɗin makonni kana jiran a aiko daga Legas ko daga waje. Ka kuma lura ko ƙafar mai waya ce ko ta zubi. Mai waya galibi tana da tib a ciki, sai an kwance ƙafar kafin a yi faci. Ta zubi galibi ba ta da tib, mai faci zai toshe ramin tana jiki.

Abin da ke juya tayar baya iri uku ne. Sarƙa ta fi arha kuma kowa ya san ta, amma ƙurar hunturu tana cinye ta idan ba a wankewa ana sa mai. Bel, irin na Harley da Suzuki Savage 650, ba ya son mai kuma yana daɗewa, sai dai tsakuwa ɗaya ta shiga tsakaninsa da haƙoransa ta isa ta huda shi, kuma samun wani ba sauƙi. Sandar ƙarfe da ke cikin rufi, irin ta Shadow 750 ta baya-bayan nan, ita ce mafi ƙarancin hidima, man gidanta kawai ake canzawa jefi-jefi.

Kafireta ko na'urar fesa mai? Mai fesawa ya fi saurin tashi da tattalin fetur, amma gurɓataccen mai na bakin hanya yana toshe shi, kuma gyaransa sai mai kwamfuta. Kafireta tana toshewa ita ma, amma kowane bakanike zai wanke ta cikin awa ɗaya. Haka batun sanyaya inji. Babban inji mai shan iska kawai, idan ya tsaya a cunkoso a watan Afrilu, zafin da zai dinga huro maka a cinya ba a magana. Mai lagireto ya fi haƙuri da tsayuwa, muddin fankarsa na aiki.

Idan ka samu biyu iri ɗaya, ɗaya da birkin ABS ɗaya babu, ka ɗauki mai ABS ko da ya fi tsada. Aikinsa hana taya cijewa idan ka damƙi birki a firgice, wanda shi ne ainihin abin da sabon mahayi ke yi idan akuya ta faɗo titi. Turai ta wajabta shi a kan sababbin babura da suka haura sisi 125 tun 2016, don haka na hannu da suka fito daga can bayan nan galibi suna da shi.

Mataki na shida: duba na hannu

Babur na farko gara ya zama na hannu, domin kusan tabbas zai taɓa ƙasa ko sau ɗaya ne. Ka gaya wa mai sayarwa kada ya tada shi kafin ka iso. Da zuwanka ka kai bayan hannunka kusa da injin. Idan da ɗumi, an riga an tada shi, wataƙila don a ɓoye wahalar tashinsa da sanyi. Ka tada shi da kanka, ka tsaya a baya ka kalli salansa. Farin tururi na ɗan lokaci ba komai ba ne. Shuɗin hayaƙi yana nufin injin na ƙona baƙin mai.

Alamun faɗuwa suna ƙarshen hannu, da bakin sandar birki da ta kuloci, da matakan ƙafa, da gefen salansa. Ƙarcewa kaɗan ba ta hana ciniki, ta ma ba ka bakin neman ragi. Abin gudu shi ne kan da ya karkace, wato taya na kallon gaba hannu na kallon gefe, ko sabon walda a jikin shasi. Ka matsa birkin gaba ka danna kan babur ɗin ƙasa sau uku, sannan ka shafa sandunan gaba da yatsa. Idan ka ji mai, robobinsu sun mutu. Ka buɗe tanki ka haska da fitilar waya ka nemi tsatsa, domin babur ɗin da ya daɗe a ajiye ko ya yi watanni a tashar jirgin ruwa yakan yi ta. A gefen taya akwai lamba huɗu a cikin ɗan zagaye. Idan ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Tayar da ta wuce shekara biyar ko shida ta bushe ko da zanenta bai goge ba, sai ka sa kuɗin sabuwa a lissafi. Idan bakaniken da ka je da shi yana da mita, ya auna batir: a kashe ya nuna kimanin bolt 12.6, idan an ba shi wuta kuma ya hau tsakanin 13.5 da 14.5. Idan bai hau ba, ba ya caji.

Takardu kuwa babu sassauci. Lambar shasi tana a wuyan babur, ƙarƙashin hannu, haruffa da lambobi 17 ne a baburan zamani. Ta dace da abin da ke takarda, kuma kada ka ga alamar an goge an sake bugawa. Idan shigo da shi aka yi, ka nemi takardar biyan kwastan. Ka rubuta yarjejeniya da shaidu. Dillalin da ya ce takardun na zuwa gobe, ka ce masa kuɗin ma gobe.

Mataki na bakwai: kada kuɗin ya ƙare a kan babur

Ka ware na hular kwano tun farko, mai rufe haɓa, wadda ke da tambarin inganci na ECE (na Turai) ko DOT (na Amurka), ba irin ta leburorin gini ba. Najeriya ta fara tilasta sa ta tun ranar 1 ga Janairun 2009, ko da yake kowa ya san yadda aka yi da dokar. Hotunan masu kuruza da ƙaramar hula rabin kai ado ne kawai, haɓa da fuska ne ke fara isa ƙasa. Sai safar hannu, da takalmi mai rufe idon sawu, da riga mai kauri a gwiwar hannu da kafaɗa, akwai masu raga-raga da aka yi don ƙasashe masu zafi. Babbar riga da silifas ba na hawan wannan babur ba ne. Bakin riga ko mayafin wadda ka goya yana iya naɗewa a sarƙa ko a tayar baya, salansar kuruza kuma a fili take daidai inda ƙafar fasinja ke sauka.

Ka ƙara da kuɗin lamba da inshora da lasisi, da canjin baƙin mai da na ruwan birki a makon farko, komai mai sayarwa ya rantse cewa jiya ya canza. Ƙarfen kariya da ake ɗaurawa a gefen inji shi kaɗai ne ƙarin da ya cancanci a yi da wuri. Salansa mai ƙara ta jira.

Bayan ya shigo hannu

Makonnin farko a fili za ka yi su, da sassafe. Ka koyi wurin da kuloci ke fara kamawa, ka riƙa tafiya kamar mai tafiya a ƙasa, totur kaɗan, ƙafa tana ɗan taɓa birkin baya. Ka jera duwatsu ka riƙa zagaya su, idonka a inda kake son zuwa, ba a tayar gaba ba. Kada ka damƙi birkin gaba alhali kan babur a juye yake, nan take zai kwanta. A miƙe kuwa birkin gaba ne ke yin mafi yawan aikin tsayawa, wanda ya saba taka na baya kawai sai ya sake koyo. Ka kuma san cewa kuruza ba ya kwanciya sosai a kwana, matakin ƙafa zai goga ƙasa da wuri, saboda haka a rage gudu kafin a shiga kwana, ba a cikinta ba.

Idan ya faɗi, ka kashe shi, ka tabbatar yana cikin giya. Idan ta dama ya kwanta, ka fara buɗe ƙafar jinginarsa don kada ya zarce ɗaya ɓangaren. Ka juya masa baya, ka jingina ƙugunka da kujera, hannu ɗaya a kan hannun da ke ƙasa, ɗaya a wani ƙarfe mai ƙwari a baya, sai ka tura da ƙafafu kana ja da baya a hankali. Goyo kuma sai ka yi watanni kai kaɗai, domin nauyin mutum na biyu yana ƙara nisan tsayawa, yana kuma sa kan babur ya yi sako-sako a ƙaramin gudu. Ranar da za ka fara, ka duba littafin babur ɗin ka ƙara iskar tayar baya yadda aka rubuta, ka ɗaure shokzoba na baya mataki ɗaya ko biyu.